Taguwar Da Ke Ƙasan Adaka

Saura kwana uku baffannin Tahir su zo neman auren Barira sai magana ta tashi a Tudun Gawo, wai an ga 'yar Malam Sani tsugune a gonar su Tahir tana ɗibar ƙasa tana ƙullawa a leda.

Safara'u ce ta gan ta, 'yar ƙanen mahaifiyar Tahir, wadda tun tana ƙarama ake tsokanarta da matar Tahir har ta ɗauki wasan da gaske. Kuma ba ta yi ƙarya ba, Barira ta ɗebi ƙasa. Sai dai kafin labarin ya tsallaka danga biyar ya koma ƙasar sawun Tahir aka ɗiba, kafin hantsi ya dubi ludayi an ƙara da gashin kansa, wata ma ta rantse ta ga ƙaho. Mutanen Tudun Gawo gidajensu a manne suke, gonakinsu gamba ce kawai ke raba su, ga su da yawan gaisuwa da yawan kai rahoto.

Barira ba ta san wainar da ake toyawa ba. Tana can tsohon ɗakin ajiyar hatsi da mahaifinta ya bar mata a bayan rumbu, hannunta dumu-dumu da ƙaro.

Shekararta ashirin da shida. Ta karanta zane-zane a kwaleji a Kano, ta dawo gida tana koyarwa a firamare, amma aikin da ke ranta shi ne wannan na bayan rumbu. Ba ta yarda da fenti kaɗai ba. Ƙasa take ɗiba, ja da fara da baƙar ta fadama, ta shanya, ta daka, ta tankaɗe da rariya, ta kwaɓa da ruwan ƙaro ta shafa a jikin katako. A kai sai ta liƙa karan gero da ta tsaga siri-siri, da sakaina, da ƙaiƙayi, da guntayen tsumma. In ka tsaya kusa tarkace kake gani. In ka ja da baya taku huɗu sai ka ga kasuwar Kunci, ko mata a bakin rijiya, har ka ji kamar za su yi magana.

A Kano har an taɓa rataye ayyukanta biyu mutane suna ɗaukar hoto. A Tudun Gawo kuwa sunanta Malama mai tsince-tsince, ana dariya a wuce. Dariyar ce ta ƙare yau.

Malam Sani ya tsaya a bakin ƙofa, bai yi sallama ba, abin da bai taɓa yi ba.

"Barira, me ya kai ki gonar marigayi Malam Ilu?"

"Ƙasa na ɗebo, Baba. Ta aiki ce."

"Ta aiki! Ƙasa ta ƙare ne a gonata? Yanzu a bakin masallaci aka tare ni, wai 'yata ta yi wa ɗan mutane asiri shi ya sa ya maƙale mata. Ni da na mayar da Abdulbasit na Zakirai har sau biyu, mutum da shagonsa da mutuncinsa, don kin ce ke Tahir kike so. Sakayyata ke nan?"

Barira ta miƙe tsaye. Ta goge hannu a zaninta.

"Wallahi Baba ba haka ba ne. Gonar na zana, don Inna Hure, mahaifiyar Yaya Tahir. Kyauta zan ba ta ranar da aka ɗaura aure. Na ga ba zai yi kyau in zana gonar mijinta da ƙasar wata gona ba."

Malam Sani ya dubi babban katakon da ke jingine da bango, lulluɓe da tsohon zanin gado. Bai ce a buɗe ba. Ya girgiza kai kawai.

"Ke kin yi karatu amma ba ki san garinku ba. Wa ya taɓa ɗibar ƙasar gonar wani a ɓoye aka ce alheri yake nufi?"

Ya juya ya tafi, ya bar ta da hawaye cike da ido. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don wata uku ta yi tana wannan aiki, kullum in ta kwaɓa ƙasar tana tunanin yadda fuskar Inna Hure za ta washe.

Bayan azahar Tahir ya zo. Malamin gona ne, dogo, mai sanyin magana, irin mutanen da in suka shiga damuwa sai su yi ta murza hula a hannu. Yau hular ta sha murza. Suka tsaya a zaure, ita jingine da bango, shi a bakin ƙofa.

"Kin ji abin da ake faɗa?"

"Na ji. Kai ma ka yarda?"

"Haba Barira. In da asiri kika yi mini ai da na gode wa bokan." Ya yi ƙoƙarin murmushi, bai fito ba. "Ba ƙasar ce ta fi damuna ba. Da Safara'u ta kai wa Inna labari, sai ta tashi ta buɗe adakarta tana duba ko an ɗauki wani abu nawa. Ta zazzage komai. Ba ta ga taguwar Baba ba."

Barira ta dafe ƙirji.

"Ba ka gaya mata ba? Yaya Tahir, ka ce mini ta sani!"

"Cewa na yi ba za ta damu ba. Tsumma ce fa, duk faci, shekara shida tana ƙasan adaka ba wanda ya taɓa ta. Kin ce kina son wani abu da ya taɓa jikinsa, na ga babu abin da ya fi ta. In na tambaye ta kyautar ta tashi daga zama kyauta."

"To me ta ce?"

Ya dubi ƙasa.

"Ta ce an haɗa ƙasar gona da rigar mamaci, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Ta ce in aika wa baffannina su fasa zuwa ran Juma'a."

Kuka ya ƙwace wa Barira. Ta toshe baki da mayafi don kada a ji a cikin gida.

"Shekara biyu, Yaya Tahir. Shekara biyu ina gaishe ta tana amsa mini da ƙyar, wai ni 'yar boko ce mai wasa da shara. Na ce bari in nuna mata sharar nan tana iya riƙe mutum, ta ga mijinta a cikin gonarsa ko sau ɗaya. Ban san wata hanyar da zan ce mata ina ƙaunarta ba sai wannan. Ni ban iya daɗin baki ba, hannuna kawai na iya."

"Ki daina kuka, don Allah. Ban aika ba, kuma ba zan aika ba. Na roƙe ta ta zo ta gani da idonta, ta yarda. Bayan la'asar za mu zo. In ta ga abin da na gani rannan, wallahi ita za ta riga kowa ba ki haƙuri."

Barira ta share ido. A nan kam ba ta da shakka. Duk abin da za a ce game da ita, ta san aikin nan ya yi kyau, ya fi duk wanda ta taɓa yi. Har ta ji ɗan sanyi a ranta, irin na wanda aka yi wa ƙazafi ga shi shaidarsa na hanya.

Ta share tsakar gida, ta shimfiɗa sabuwar tabarma a inuwar rumbu. Ta jawo katakon waje da ƙyar ta jingine shi inda hasken yamma zai sauka a kansa.

Inna Hure ta shigo da sallama ciki-ciki. 'Yar siririyar tsohuwa ce, baƙa, mai tsagen fuska, ta ɗaura carbi a wuyan hannu tana motsa baki, da alama tun daga gida take karanto addu'ar tsari. Tahir na bayanta. Malam Sani ya fito suka gaisa, gaisuwar mutanen da suka san juna tun ƙuruciya amma yau kowa yana tsoron idon ɗan'uwansa.

Barira ta durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Inna."

"Lafiya. Ina abin?"

Ta ƙi zama a tabarmar. Barira ta miƙe, ta yi bismillah a zuci, ta yaye zanin gadon.

Gonar Malam Ilu ce, ba wanda zai yi musu. Ga kunyoyin nan sun tafi a karkace kamar yadda suke bin gangaren, jar ƙasa daga sama, tana duhu tana duhu har ta zama baƙa wajen kwari. Ga layin gamba na iyaka, da gambar gaske aka yi shi. Ga ɗorawar nan mai reshe guda da iska ta karya. A gindinta ga mutum zaune, ya ba da baya, hauya a gefensa, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka. Ba shi da fuska, amma duk wanda ya san Malam Ilu ya san zamansa ke nan in ya gaji.

Malam Sani ya ce, "Ikon Allah," bai san ya faɗa ba.

Inna Hure ta daina motsa baki. Ta matsa taku ɗaya, ta ƙara ɗaya. Ta ɗaga hannu ta shafa jar ƙasar, ta kai yatsun hancinta.

"Ta wajen tudu ce wannan," ta ce a hankali. "Inda gyaɗa ke yi."

"Ita ce, Inna."

"Ga ɗorawar. A nan nake ajiye masa fura." Hawaye ya gangaro mata ta cikin tsagen fuskarta, ba ta share ba. "Haka yake zama. Kafaɗar nan tun da ya faɗo daga kan amalanke ba ta koma daidai ba. Wa ya gaya miki?"

"Ina ganinsa ina yarinya, in za mu makaranta."

Tahir ya dubi Barira, idonsa na cewa ba na gaya miki ba? Ita ma zuciyarta ta fara sakin jiki. Har Malam Sani ya gyara tsayuwa, ya fara shirya abin da zai faɗa wa mutanen bakin masallaci.

Sai hannun Inna Hure ya sauka a bayan mutumin da ke zaune, ya tsaya cak.

Ta daɗe a haka. Ta bi gefen kyallen da farce. Ta ɗaga kai ta dubi sararin sama na zanen, inda Barira ta jera guntaye masu shuɗi-shuɗi suka zama hadari. Ta dubi inuwar ɗorawa. Ta dubi kwarin. Ko'ina ta duba akwai guntun taguwar.

"Yanka ta kika yi?"

Muryar ba ta da ƙarfi, amma sai da Barira ta ji ta har cikin ƙashinta.

"Inna, ai... facin ne suka yi kyau. Kowanne da kalarsa, rana ta ci wani, wani bai koɗe ba. Na ga in na raba su za su..."

"Gida nawa kika yi mata?"

Barira ta dubi guntayen. Ita kanta ba ta ƙirga ba. Ta tuna ranar da ta shimfiɗa taguwar a ƙasa tana murna, tana juya almakashi, tana cewa ba ta taɓa samun shuɗi mai kyan wannan ba.

Inna Hure ta taɓa wani guntu a cikin hadarin.

"Wannan daga zanin aurena na yanko na toshe masa kafaɗa, shekarar da fari ya cinye gero ba mu da na sabuwar riga." Ta taɓa wani. "Wannan zanin goyon yaron nan ne." Ba ta faɗin sunan Tahir, ɗan fari ne. "Wannan na yi shi yana kwance, ciwon da bai tashi ba. Ya ce me za ki yi da faci, Hure, wa zai sa? Na ce kai za ka sa in ka warke."

Tahir ya ce, "Inna..."

"Yi mini shiru." Ba ta ko waiwaye shi ba. "Da aka zo rabon kayansa, 'yan'uwansa suka kwashe riguna, aka yi sadaka da saura. Wannan na ɓoye ta a cikin tukunya don kada a gani. Ban taɓa wanke ta ba. In abin ya taso mini sai in rufe ɗaki in buɗe adaka in sa fuskata a ciki. Shekara shida, ba wanda ya sani, sai Allah."

Ta sunkuya ta kai hancinta jikin bayan mutumin da ke zanen. Ta daɗe tana shaƙa. Da ta ɗago, fuskarta ta zama ta wata tsohuwar daban.

"Ƙaro," ta ce. "Warin ƙaro kawai."

Barira ta zube a gabanta ta riƙe ƙafarta, kuka take kamar ranta zai fita.

"Ki yafe mini, Inna! Wallahi ban sani ba. Zan ɓanɓare su, zan jiƙa su da ruwan ɗumi su saki, zan ɗinke miki ita da hannuna ko zan shekara ina yi."

"In kin jiƙa ai kin wanke ke nan."

"Laifina ne, Inna," in ji Tahir, shi ma ya durƙusa. "Ni na ɗauko, ni na ce mata tsumma ce. Ita ba ta san komai ba. In hukunci ne ni za ki yi wa."

"Kai namiji ne, ba ka taɓa riƙe allura ba. Ka ga tsumma, na yarda." Sai yanzu ta sunkuyo ta dubi Barira, kuma babu tsana a idonta, abin da ya fi komai tsorata Barira ke nan. "Amma ke mace ce, kuma mai ido. Ke da kika tuna kafaɗar mutum tun kina yarinya. Kin riƙe rigar nan, kin ga ɗinki a kan ɗinki, zare kala-kala, kin san hannu ne ya yi. Ba ki tsaya kin ce hannun wa ne ba? Gidana taku nawa ne daga nan?"

Barira ta sunkuyar da kai. Gaskiya ce tsagwaronta. Ta ga ɗinkin, har ta yaba shi a ranta, ta ce wanda ya yi ya iya. Ta ga kala, ta ga yadda zai zauna a katako, ba ta ga matar da ta zauna da allura ba. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta, ta ji ta tsani hannuwanta.

Malam Sani ya yi gyaran murya.

"Hure, ki dubi Allah. Kuskure ne na yara. Kin dai ga ba abin da ake faɗa ba ne."

"Na gani, Malam. Zan fita in faɗa wa duk wanda ya tambaye ni, 'yarka ba ta yi asiri ba, Safara'u ma zan ja mata kunne. Da asirin ne ma da ya fi mini sauƙi, sai in nemi mai karyawa." Ta zare ƙafarta daga hannun Barira a hankali. "Kuma ta iya. Ban taɓa ganin abu mai kyan wannan ba, ba zan yi ƙarya ba."

"To Inna, ki karɓa," in ji Barira cikin shessheƙa. "Naki ne. Don ke na yi."

"In kai shi ina? In rataye a ɗaka kullum in tashi in ga an yi gunduwa-gunduwa da shi?"

Ta gyara mayafinta, ta juya wajen Tahir.

"Kai kuma ka ji. Ban hana ka ba, ba zan yi maka baki ba, ba kuma zan ce ka auri wata ba. Ka girma. In ka kawo ta gidan ubanka ne, ɗaki yana nan. Amma ni na san zuciyata. Duk ranar da ta miƙo mini tuwo, almakashi zan gani a hannunta. Zan koma wajen ƙanena a Kunci in ƙarasa kwanana, ku zauna lafiya."

"Inna, wa gare ki in ba ni ba? Ya za a yi ki bar ɗakin da Baba ya gina miki?"

"To ka ga abin da ke gabanka."

Ta yi wa Malam Sani sallama, ta nufi zaure da 'yar tafiyarta, ba ta sake duban katakon ba. Sai ƙarar takalminta a kan ƙaiƙayin da ke tsakar gida, sannan shiru.

Tahir yana nan durƙushe. Barira ta ɗago jajayen idanunta ta dube shi. Ta san shi sarai. Ta san in ta ce zauna zai zauna, ya aure ta, ya yi ta kyautata mata, kuma kullum in ya wuce ɗakin uwarsa a rufe sai wani abu ya mutu a cikinsa. Ta san kuma in ya tashi ya bi bayan tsohuwar nan, ba lallai ne ya sake dawowa zauren nan ba. Tana son sa, so mai tsanani, yau ne ma ta san iyakar yawansa.

"Yaya Tahir, ka ce wani abu mana."

Hawaye na ɗiga daga haɓarsa.

"Barira, ki ba ni lokaci. Wataƙila in ta huce..."

"Ba fushi take ba. Da fushi ne da na jira."

Malam Sani ya daɗe yana duban su biyun. Duk faɗan da ya zo da shi da safe ya tafi, sai tausayi. Ya matso ya tsaya kusa da 'yarsa, ya yi magana da muryar da yake yi mata tun tana ƙarama in ba ta da lafiya.

"Uwata, na gayyaci baffanninki na Zakirai su zo su karɓi baƙi ran Juma'a. In ba za a yi ba, gara su ji yau, kada su yi asarar tafiya. In aika?"

Barira ba ta dubi mahaifinta ba. Tahir take kallo, tana jira ya ɗago, ya ce a'a Baba, kada a aika. Ta ba shi lokaci mai yawa, fiye da yadda ya kamata. Idonsa na kan ƙofar zauren da uwarsa ta bi.

"Tashi ka bi ta," ta ce. "Ba ta gani sosai in rana ta yi sanyi, kada ta faɗi a hanya."

Ya miƙe kamar wanda aka ɗora wa buhu. A bakin zaure ya tsaya, ta zaci zai waiwayo, sai ya sunkuyar da kai ya fita.

Sannan ta juyo wajen mahaifinta.

"Aika, Baba."